Rasuwar Zabuwa, Mota Mai Lamba Sha Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau baƙin mai bai gama fita daga faratansu ba, iyalan garejinmu ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motar tserenmu, Zabuwa, mai lamba sha tara. Ta cika ranar Lahadi da yamma, a zagaye na talatin da takwas na tseren rufe Gasar Kofin Tsawa, saura zagaye biyu ta ga tutar kammala tsere. Shekarunta goma sha huɗu.

Marigayiya mota ce mai kujera ɗaya, tayoyinta huɗu a waje tsirara, kamar duk sa'o'inta a gasar. Mahaifinmu ne ya haɗa ta da hannunsa, kuma ta samo sunanta daga ɗige-ɗigen walda da facin fenti da suka cika jikinta. Ba za mu yi mata ƙarya don ta mutu ba: ba ta taɓa cin kofi ba. Ta zo ta uku sau biyu, ɗayan ma ranar da ruwan sama ya kori rabin motoci ne. Amma ba ta taɓa kunyata mu a layin tashi ba, kuma ranar da ta daki shingen tayoyi, ta yarda hancinta ya lotse don direbarta, autar gidanmu, ta fito da ƙafafunta. Idan an tashe ta da safe takan yi tari biyu, kuf, kuf, sannan ta saki gurrr ɗin da ke sa sifanonin da ke rataye a bango rawa.

Game da jinyarta, dole in faɗi gaskiya ko da ba daɗi. A garejinmu ba a fitar da Zabuwa sai Baba ya ɗora bakin dogon sukudirebansa a kan injin, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Kunnen nan shi ne likitanta tun ranar farko. To shekara biyu ke nan kunnen ya yi nauyi, kuma kowa ya sani. Mama kan maimaita masa magana sau uku, ya ce ita ce ke ƙunƙuni. Cikinmu an rasa mai ƙarfin halin da zai dubi mutumin da ya koya mana riƙon sifana ya ce masa ya daina ji.

Safiyar tseren, ni babban ɗansa ina tsaye a gefe na ji wani ɗan sauti a ƙarƙashin gurnaninta: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Baba ya kara kunne, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Sai ya waiwayo ya dube ni a gaban makanikan sauran gareji, kallon mai neman shaida. Ni ma na gyaɗa. Na san abin da na ji. Na fifita mutuncin mahaifina a kan ran mota, na kuma bar ƙanwata ta shiga cikinta, abin da har yau ya hana ni sakat.

Zabuwa ba ta tona mana asiri da wuri ba. Ta yi ta gudu har ta kai ta biyu, matsayin da ba ta taɓa takawa ba. Can a kwanar ƙarshe ta zagaye na talatin da takwas injin ya buga, gwaram, hayaƙi ya tashi, sai shiru. Ta gangara gefe a hankali, ta tsaya, ta sauke Auta lafiya lau. Wannan ne alherinta na ƙarshe gare mu.

Da muka buɗe injin a gida, Baba ya daɗe yana jujjuya fasasshen fistan a tafin hannunsa, sannan ya tambaye ni ko ta yi kuka da safen. Na ce ta yi. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi.

Ta rasu ta bar wanda ya haɗa ta, da direbarta wadda ta ƙi cin abinci kwana biyu, da tayoyin ranar ruwan sama huɗu da yanzu ba su da mai sa su, da wata tsohuwar tirela da ta saba kai ta fili, da kuma ni.

Za a sauke ta daga kan jak ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a tura ta bayan gareji, a lulluɓe ta da tamfol ɗinta. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu, ko kusa ɗaya ba za a sayar ba. Sitiyarin zai koma hannun Auta. Baba ya ce a kwantar da sukudirebansa a kan kujerar kafin a rufe.

Ana karɓar gaisuwa a gareji har la'asar. Muna roƙon duk mai yi wa Baba ta'aziyya ya tsaya a gabansa, ya ɗaga murya sosai. Shi da kansa ya ce a rubuta hakan.