Ni Kaɗai Nake Dariya a Garajin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya kusa raba ni da aikina. Lokacin sabon shef ne ni, wato shugaban ma'aikata, a garajin wani Alhaji a nan Agadas, mai kamiyo, manyan motocin da ke kai kaya Dirku. Na rantse wa kaina sai na nuna na iya riƙon mutane (har sabuwar riga na ɗinka, ta shiga biro, wato ofis).

Biyu daga cikin shofofinmu mota ɗaya suke ja: Bello, Bafulatani, da Ari, Babarbare. Kun dai san tsakanin Fulani da Barebari, wasa ne tun kaka da kakanni. To kullum sai in jiyo su daga biro suna yankar juna da magana. "Marar mutunci!" in ji Bello. "Kai ka sani!" in ji Ari. Ni kuwa in leƙo ta taga ina ƙyaƙyata dariya, har da cewa, "Bello, ƙara masa!" Ban taɓa zama shan shayi da su ba, wai kada a raina shef.

Ran nan Alhaji ya zo da baƙi, ana gobe kamiyon su Bello zai tashi. Na tara ma'aikata, na gyara murya, na ce, "Alhaji, dubi waɗannan biyu. Zagi safe da yamma, amma ciki fari tas. Haka nake son ma'aikatana." Da na tsaya nan, da sauƙi. Ina! Daɗin baki ya kwashe ni. Na dafa kafaɗar Ari na ce, "Wannan Babarbaren wa zai ba shi mata? Bello, ko za ka taimaka masa da ƙanwarka?"

Wani makanike ya sunkuyar da kai kamar ya ga sarakuwarsa. Ni kuwa haƙorana na nan waje, ina jiran a taya ni.

Bello ya dube ni ya ce, "Ai na ba shi, shef. Watan jiya ya sako mini ita da goyo." Ya ajiye makullin mota a gabana ya fice.

Wayyo ni! Ashe kowa ya sani, har mai kawo mana ruwa. Wata guda mutum na cin wuta, ni ina tafa masa. Kuma waɗannan nake shirin turawa cikin hamadar Tenere su biyu a mota ɗaya. Alhaji bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "In Bello bai dawo ba, kai ma ka huta."

Na ji kunya, wallahi, amma na ce ba zan bari mutumin kirki ya bar aikinsa saboda wautata ba. Na tafi ƙofar gidansa, aka ce ba ya nan (ga takalmansa ina gani). Na koma washegari, na sake komawa, har maƙwabta suka fara shimfiɗa mini tabarma. Da ya fito na ce, "Bello, na yi maka laifi, ka yafe ni." Ya ce, "Ka raba mana mota, shef." Na raba, kowa da motarsa.

Yanzu kullum ina kan tabarmar shayi tare da su. Kuma in na ji abin dariya a garaji, sai na waiga tukuna in ga ko akwai mai taya ni.