Farfesa Layi-Huɗu Ya Rera wa Ghana

Duk faɗin Doha, daga Fereej Abdel Aziz har Al Wukair, babu masanin waƙa kamar Ɗalhatu ɗan Zariya. Mai shakka ya tambaye shi, zai tabbatar masa da bakinsa. A wurin kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, mai gadi ne, amma a wurin masu sanin darajar ilimi sunansa Farfesa Layi-Huɗu, kuma yana amsawa har da gyara wuyan riga.

A zamanin korona ilimin ya sauko masa. An kai shi gadin wani coci a gefen gari lokacin da aka hana taro. Mutum kaɗan ake bari su shiga, da takunkumi a fuska, su rera waƙar ibada a ɗauka a kyamara saboda masu kallo a gida. Ɗalhatu na bakin ƙofa da na'urar auna zafin jiki, kunne a miƙe. Waƙa ce ba ganga ba tafi, murya ɗaya, tana hawa tana sauka a hankali. Shugaban mawaƙan, wani dattijo ɗan Indiya, ya taɓa gaya masa cewa irin rerawar nan ta haura shekara dubu, daga masu zaman ibada na Turai aka gaje ta, kuma ƙa'idarta kada muryar kowa ta fi ta ɗan'uwansa. Har ya ba shi shafi ɗaya: layi huɗu a kwance da baƙaƙen ɗigo masu kusurwa. Ɗigo ya hau murya ta hau, ya sauka ta sauka.

Shi ke nan, digiri ya kammala. Zancen kada murya ta fi murya ne kawai ya ƙi zama a kansa.

Akwai wata rerawa da suka fi yawan yi a watannin nan. Duk ranar da za a yi ta, sai a jera hotunan mutane a gaba, a kewaye su da furanni da kyandir. Farfesa ya leƙa, ya gyaɗa kai. Wannan ai ba sai an tambaya ba! Wa ake sa wa hoto da furanni in ba manya ba? Kirarin gwaraza ne, waƙar nasara. Ya haddace ta tsaf.

Da Kofin Duniya ya ƙarato, 'yan Zangon Ghana da suke gida ɗaya da shi suka kafa ƙungiyar goyon baya, Gariba makaɗi ɗan Kumasi ne shugaba. Ghana ce ta hana Najeriya zuwa gasar, amma Farfesa ya nuna girma ya yafe, domin ya lura kyamara shugaba take haskawa. Ya ƙwallafa rai a kan kujerar Gariba. Tuni ma ya aika Zariya cewa kowa ya tsare gaban talabijin.

"Jama'a, ku ji kunyar duniya," in ji shi a taron ƙungiya, yana ɗaga shafinsa. "Baƙi za su cika Qatar, ku je kuna dukan fata kamar masu korar tsuntsu a gona? Mutanen nan tun ba a haifi kakanninku ba suke rubuta murya a takarda. Ni a ƙofar ilimin na zauna."

Gariba ya ce, "Massa, wannan waƙa naka ba shi da ƙafa. Yaya mutum zai yi rawa da shi?"

"Khalas, magana ta ƙare! Wanda bai iya karanta layi huɗu ba ya yi shiru."

Da surutu ya ishe su, suka yarda: ranar wasan Ghana da Uruguay za a gwada waƙarsa, in ta kama filin, shugabanci nasa ne. Aka riƙa atisaye a saman bene bayan sallar Juma'a. Tunda bai san kalmomin ba, sai ya cusa "Ghana" a wurinsu, a ja ta, a ja ta, har numfashin mutum ya ƙare bai kai ƙarshen sunan ƙasarsa ba.

Ranar wasa ya ci babbar riga, ya tsaya a gaban jama'a. Ana ba Ghana fenareti ya daka tsawa, "Yalla, a ajiye ganguna!" Ya ɗaga hannu, aka ɗauki waƙar. Muryarsa ta danne ta kowa, kamar yadda ya kamaci Farfesa.

Kai, abin ya yi aiki! Dattawan Uruguay da ke kujerun kusa suka juyo, suka yi tsit. Wani ya tuɓe hula. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye a ƙirji tana share hawaye. Daɗi ya kusa kashe Farfesa, ya ƙara buɗe maƙogwaro. Ghana ta ɓarar da fenaretin, aka zura mata ƙwallo ɗaya, aka zura ta biyu, shi kuwa idonsa na kan kyamara.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, dattijon da ya tuɓe hula ya matso, ya kama hannun Farfesa da hannu biyu. Da guntun Turancinsa ya yi masa ta'aziyya. Ya ce da wannan waƙa aka raka mahaifiyarsa kabari, kuma yana so ya san wa ya rasu a cikinsu.

A kunnen Gariba aka yi. Ya sunkuya ya ɗauki gangarsa.

Ghana ta fita daga gasar a ranar, Uruguay ma ta bi ta. 'Yan Zango suka rantse da gangan Farfesa ya yi. 'Yan Najeriya kuwa suka tare shi a ƙofar gida suna sowa, wai ya rama musu, abin da ya fi komai ƙona masa rai. Daga Zariya aka kira, an gan shi a talabijin baki a wangame, ana tambaya ko lafiya.

Amma ba a wulaƙanta ilimi ba. Da Gariba ya tashi walimar aurensa a Al Aziziya, shi da kansa ya zaɓar wa Farfesa babban matsayi: tsaron ƙofa, daga waje. Korona ta daɗe da wucewa, amma ango ya aiko masa da takunkumi sabo fil, ya ce don Allah kada ya cire har a watse.