Shafi na Casa'in da Uku a Littafin Dakta

Ku bar ni da masu manyan digiri, don Allah. Shekara ashirin da biyu ina ɗinke littattafai a maɗaba'ar wata jami'a, ni da ko sakandare ban gama ba, amma abin da idona ya gani a wurin nan ya ishe ni karatu. Ku ji wannan.

Wani dakta ne ya kawo littafinsa a buga, a kan ungozomanci da al'adun haihuwa a ƙasar Hausa. Kujerar farfesa yake nema. Kwamitin ƙarin girma zai zauna ranar Alhamis, abin da ya rage masa kawai takardar shaida ce daga wurinmu cewa an karɓi littafin. In babu ita, sai baɗi. To ƙa'idarmu, ba a sa hannu a takardar nan sai rubutu ya bi ta teburin Malama Tasalla, mai duba satar rubutu. Ta zuba littafin a kwamfuta, na'ura ta ce kashi shida cikin ɗari ne kacal ya yi kama da na wasu. Dakta ya samu labari, ya riƙa yawo da shidan nan ofis-ofis kamar an ba shi lambar yabo. Abin da ya manta, ita kwamfuta abin da aka ɗora a intanet kaɗai ta sani. Malama Tasalla kuwa karantawa take, layi bayan layi, da jan bironta, tabarau a kan hanci.

Ranar Laraba da hantsi sai ga shi, babbar riga ta sha sitati, turare ya riga shi shigowa. Ina gefe ina shafa gam a bangon wani littafi, na rage sauri don kunnena ya samu aiki.

Bai ko zauna ba ya ce, "Malama, takardata nake so. Na'ura ta wanke ni tas, ke kuma me ya rage miki?"

Ta ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. 'Yar tambaya ce. Akwai kundin wata ɗaliba, Lubabatu Sambo, da ta buga da tafireta shekara talatin da suka wuce. Jiya na kakkaɓo shi daga laburare. Ko ka taɓa cin karo da shi?"

"Wace ce kuma Lubabatu? Ni fa ƙafata ce ta yi binciken nan. Ƙauyen da ban shiga ba, sai dai in ba a haihuwa a cikinsa!"

Wallahi saura kaɗan in jefa masa gwangwanin gam. Mutumin da ko rakiyar baƙo zai yi sai ya shiga mota, wai shi ne mai ratsa ƙauyuka.

Malama Tasalla ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Babi na biyu zuwa na biyar ne na ga suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da nata. Inda ta ce tsohuwa, ka ce dattijiya. Inda ta ce ruwan zafi, ka ce tafasasshen ruwa."

Ya buga teburi ya ce, "Tunanin masana yakan zo ɗaya! Ke da ko digiri na biyu ba ki da shi za ki koya mini aikina? Duk abin da na ce na gani, na gani. Duk abin da na ce na yi, ni na yi shi da kaina. Kawo Alƙur'ani in dafa!"

"A'a, bai kai nan ba. Har da shafi na casa'in da uku?"

"Har da na dubu!"

Ta gyara tabarau, ta buɗe shafin a littafinsa, ta karanta a tsanake yadda har masu injin buga takarda suka leƙo: "Ni kaina shaida ce a kan wannan, domin da na sauka, kwana arba'in cur Iya Ungozoma tana fyaɗa mini tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kuma kunun kanwar da ta dama mini shi ya kawo mini ruwan nono."

Dakta ya tura hula ƙeya.

Malama Tasalla ta mayar da takardar shaidar cikin durowa ba sa hannu, ta dube shi da fara'a ta ce:

"To barka da arziki, ranka ya daɗe, Allah ya raya. Mace aka samu ko namiji?"