Furen da Na Lulluɓa wa Bargo

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren 'yata Ummi a Birmingham ba, kuma ko na so in manta, Alhaji Tanko ba zai bari ba. Duk Sallah sai ya bugo waya daga Zariya, mu gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya gyara murya ya ce, "To, manomi, yaya yabanya?" Ya san ba ni da gona. Tsokana ce kawai irin ta Bazazzagi da Bakano, amma tana da tushe.

A farkon shekarun dubu biyu muna zaune a Whalley Range, a Manchester, cikin wani tsohon gida da aka rarraba wa iyalai. Mu muka sami hawan ƙasa, da ɗan fili a baya wanda bai fi zaure girma ba. Na riga na ajiye aikin tafinta, aikin da ya zaunar da ni a Khartoum da Abidjan da Istanbul, ya kuma kai ni Holland sau da dama. Ina jin Larabci da Faransanci, ina ɗan taɓa Turkanci (nan ciwon yake: wanda ya ga ƙasashe da yawa yakan ɗauka ya ga komai).

A wannan ɗan filin na fara shuka tulip. Ga wanda bai san shi ba, fure ne mai siffar kofin shayi a kan dogon kara, akwai ja, akwai rawaya, akwai fari, kuma irinsa kai ne kamar na albasa. A Istanbul na fara ganinsa zane a jikin bangon masallatai. A Holland kuwa gonaki ne sukutum, kamar an shanya atamfofi daga nan har inda ido ya tsaya. Nomansa baibai yake da namu. Mu muna jiran ruwan farko da ɗumin ƙasa, shi kuwa sai an binne shi gab da hunturu, sanyi ya dake shi watanni, sannan ya leƙo. Na koyi wannan, na bi, ya yi kyau. Wato abin da ke da wuya na iya shi. Mai sauƙin ne ya kayar da ni.

Ummi (sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba na kiran sunanta na yanka) tana aikin likita a babban asibitin da ke Edgbaston, a Birmingham. Da aka sa ranar aurenta da Abdulbasit, ɗan wasu mutanen kirki Hausawan Kumasi, aka ce biki sai watan Afrilu. Wata rana ta zo hutun ƙarshen mako, tana tsaye bakin taga tana kallon filin, sai ta ce, "Abba, ba na so a sayi flowers ranar walima. Naka nake so a kan teburina."

Ku gane nauyin wannan magana. Yarinyar nan ta tashi ina yawon duniya. Ranar da ta fara makaranta ina Khartoum, ranar da ta sauke Alƙur'ani ina Abidjan. Duk hidimar bikin, daga kayan ɗaki har abinci, da mahaifiyarta ta yi shawara. Ni wannan kaɗai ta roƙa. Na ce mata ta ɗauka an gama.

Na cika filin kaf da iri. Na kuma cika kunnen jama'a. A masallaci bayan Juma'a na faɗa, a shagon mai nama na faɗa, surukai ma sai da na bugo musu waya na ce kada su wahalar da kansu a kan ado. Hajiya, uwargidana, tana ji, sai kawai ta ce "Allah ya kai mu."

To ga inda ilimina ya cuce ni. A kasuwannin Holland na sha ganin ana sayar da tulip a rufe, kansa a tsuke, launin ma da ƙyar ake gani. Tun a lokacin na yanke hukunci: haɗama ce ta 'yan kasuwa, irin ta masu tsinke ɗanyen mangwaro su rufe a buhu ya nuna dole. Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya? Ni jikan manoma ne, kuma manomi ba ya girbin ɗanye. Saboda haka da safiyar walima na shiga filin da almakashi, na tsallake duk wanda bai buɗe ba, na zaɓi waɗanda suka baje sosai kamar suna hamma.

Hajiya ta leƙo ta ƙofar kicin. "Malam, waɗannan ba su tsufa ba kuwa?"

"Nuna suka yi, Hajiya. Akwai bambanci."

"To. A sa su a bokiti da ruwa mana."

"Ruwa a mota? Ga babbar rigata, ga lesinki?"

"Kai ka je Holland," in ji ta, ta koma ciki.

Na jera su a kwali. Da na fito waje iska ta buge ni, irin ta Manchester mai shiga ƙashi, sai tausayi ya kama ni. Na san irin yana son sanyi, amma na ce a raina, uwa ta jure sanyi, ai ba a ce jariri ma ya jure ba. Na koma na ɗauko bargo mai kauri na lulluɓe kwalin, na kuma ƙi sa shi a but ɗin mota, na ajiye shi a ƙasan kujerar baya, daidai inda iskar hita ke fitowa.

Alhaji Tanko, abokina tun muna sakandare, shi ya zo daga gida ya yi wa Ummi waliyyi, kuma zuwansa Ingila na farko ke nan. Suwaita biyu ya sa a ƙarƙashin babbar riga, ga safar hannu. Tun ba mu fita unguwa ba ya fara: "Malam, ƙara wutar nan. Ka kawo ni ƙasar nan ne ka kashe ni ka gaji hulata?" Na murɗa hita har ƙarshe. A babbar hanya muka tarar da cunkoso, ana gyaran titi, tafiyar ta kusa ninkawa. Motar ta zama tanda. Hajiya tana fifita da gefen mayafi, ni ina gumi, Alhaji Tanko yana barci cikin ni'ima.

Da muka isa zauren da aka kama, akwai ƙofar baya inda mata ke shigar da kulolin abinci. Da na miƙa kwalin a nan, da wata ta buɗe, ta yi salati, aka aika yaro shago, maganar ta mutu. A gida ma uban amarya ba ya fitowa tsakiyar taro, yana can zaure yana karɓar gaisuwa. Amma ni sai na rungumi kwalina har gaban teburin amarya da ango, na ce a ba ni abin magana.

Na yi jawabi. Na faro daga masallatan Istanbul, na biya ta gonakin Holland, na jefa baitin Larabci, na ɗan yi Faransanci saboda wasu baƙi da suka zo daga Abidjan. Na ce kowa na iya shiga shago, amma abin da uba ya shuka da hannunsa daban ne. Aka yi kabbara. Na yaye bargo, na zura hannu ba tare da na duba ba (idona yana kan jama'a, kamar mai rawar gaban hantsi), na damƙo dami guda na ɗaga sama.

Karare ne suka taso. Sun yi laushi, sun sunkuyar da kai, kowanne da ɗan baƙin tsinke a bakinsa kamar ashanar da aka kyasta. 'Yan furannin da suka maƙale suka zubo mini a hula da kafaɗa, ja da rawaya. Sauran duk suna ƙasan kwali, sun yi tsibi.

Sai kakar ango, wata tsohuwa 'yar Kumasi da ke zaune a gaba da sandarta, ta sa hannu a goshi ta ƙura ido, ta ce da ƙarfi, "Alhaji, lawashi ne ka kawo? A kai kicin maza, miya ba ta sauka ba."

Aka fashe. Alhaji Tanko ya tashi tsaye don kowa ya ji shi: "Jama'a, ku yi masa uzuri, Bakano ne! Ya sayar da furen a hanya, ya kawo muku kara!" Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, har yau ba ta gaya mini kuka take ko dariya ba.

Dariyar ba ta dame ni kamar fuskar Ummi ba, don ita ba ta yi dariya ba. Ta taso da kayan amarcinta, ta durƙusa, ta kwashi furannin da ke cikin kwali a tafin hannu ta watsa a kan teburinta. Ta karɓi kararen daga hannuna ta mayar, ta ce a hankali, "It's fine, Abba. Je ka zauna." Duk wanda ya haifi yara a ƙasar nan ya san idan suka faɗi haka da Turanci, ba lafiya ba. Na zauna. An ce shinkafar ta yi daɗi.

Washegari na fita ɗan filin nan nawa, sai ga waɗanda na raina na tsallake suna tsaye ƙyam, kawunansu a tsuke. Na daɗe ina kallonsu, sai a lokacin na fara zargin cewa wataƙila mutanen Holland ba haɗama ke damunsu ba. Da mako ya zagayo na yanke su a rufe, na tsoma a bokitin wanki da ruwan sanyi, na hau jirgin ƙasa ni kaɗai zuwa gidan Ummi a Birmingham. Ban zauna ba, na tsaya a bakin ƙofa inda iska ke shigowa, bokiti a tsakanin ƙafafuna, ruwa yana fantsamar mini a wando duk tasha. Wata Baturiya ta tambaye ni ko kifi ne.

Ummi ta buɗe ƙofa ta dube ni, ta dubi wandon, ta dubi bokitin.

"Abba, ai ba su buɗe ba."

"A nan za su buɗe."

"Babu jawabi?"

"Babu."

Sai a lokacin ta yi dariyar da ta riƙe tun ranar walima, har da jingina da bango. Bayan kwana biyu ta bugo waya daga wurin aiki: "Abba, jajaye ne. Abdulbasit ya ce in gaya maka kakarsa ta janye maganar lawashi."

Tun daga ranar na riƙe abu biyu. Fure a rufe ake ba da shi, ya je ya buɗe a gidan mai shi. Na biyun kuwa Hajiya ce ta ƙara mini: kafin ka ce a ba ka abin magana, ka fara ɗaga bargo ka leƙa.