Ranar da Aka Yi Mini Hayaƙi a Gidan Biki

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Gwaggo Ladi a Gaya ba, ko da na so in manta, dangi ba za su bari ba. Amma bari in faro muku daga Ajingi.

Can aka tura ni koyarwa. Maigidana yana kudu wajen aiki, ni kaɗai a ɗakin haya. Wata rana jiri ya kwashe ni a gaban allo, aka kai ni asibiti. Likita ya ce jinina ya hau, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa. Gabana ya faɗi, don sugan ne ya ɗauke Innarmu, a kan idona ya cinye ta.

Sai na ɗaura ɗamara. Na rage tuwo, na yi sallama da lemon kwalba da fanke (fanke, Allah ya sani ba a son raina muka rabu ba), na koma kwaɗon zogale da dafaffen wake. Bayan asuba in zura hijabi in miƙi hanyar Gafasa da sauri kamar wadda ta yi mantuwa, masu sammakon gona suna tambayata ko lafiya. In na dawo, in kulle ƙofa in yi ta tsugunna-tashi irin wanda na gani a waya.

Abu ya fara kyau. Na daina haki in na ɗago daga sujada. Awarwaron Inna, wanda a da ko da sabulu ba ya shiga hannuna, ya shige sumul. Ranar na yi ta juyi a tsakar ɗaki, na rasa wanda zan nuna wa. Na kira maigidan, ya ce, "To madalla," wai zai kira ni an jima. Ƙadangaren bakin taga ne kaɗai ya gyaɗa mini kai. Wallahi a watannin nan kaɗaici ya fi yunwa cina.

Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan bikin. Na ce ko banza a Gaya wani zai ce na yi kyau. Ban gaya wa kowa komai ba, so nake su gani da idonsu.

Na shiga gidan da sallama, ina taku ɗai-ɗai cikin anko. Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu, wadda ta yi jinyar Inna, ta ɗago daga bakin tukunya ta saki ludayi.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, me ya cinye ki haka?"

"Lafiyata ƙalau, Gwaggo. Ƙiba nake ragewa."

"Rage me? Abin da mutane suke roƙon Allah ya ba su?"

Nan take mata suka yanyame ni. Wannan ta ce shawara ce, waccan ta ce miji ne ya daina aiko da cefane. Ga surukata zaune a kan tabarma, tana ji, ta haɗe rai. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci hankalina yakan tafi hutu. Na ce, "Ku matsa in nuna muku ƙarfina."

Jama'a, na miƙa hannuwa gaba na fara tsugunna-tashi a tsakar gidan biki, ina fesar da numfashi fuu, fuu. Na ga sun yi tsit, na ɗauka burge su nake yi, sai na ƙara da tsalle ina tafi sama da kai. Ɗankwali ya yi nasa wuri. Masu kiɗan ƙwarya suka ajiye sanda.

Wata tsohuwa ta ƙwala ihu, "Sun zo! Ku riƙe ta!"

Kafin in ankara an danne ni a ƙasa. An kawo kasko da garwashi, an lulluɓe ni da mayafi, hayaƙi ya turnuƙe ni. Wata tana karatu a kunnena, tsohuwar tana tambaya, "Ku su wane ne? Me ta yi muku?"

"Ni ce! Motsa jiki ne!" Ina tari, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Haka suke cewa," in ji ta. "Ƙaro garwashi."

Har amarya sai da ta leƙo ta taga. Ba su sake ni ba sai da na tashi da malmalar tuwon shinkafa da man shanu a gaban surukata (kuma kada in yi muku ƙarya, ya yi daɗi).

Da zan tafi, Gwaggo ta rako ni zaure. Ta kama hannuna, idonta ya sauka a kan awarwaron, ta daɗe tana murza shi. Ta ce, "Haka uwarki ta fara ramewa, kuma ba wanda ta gaya wa." Nan fushina ya sace. Ni yabo na zo nema, ita kuwa gani ta yi kamar Inna ce ta shigo mata gida.

Na koma Ajingi a motar haya ina ƙaurin hayaƙi, kowa yana matsawa. Washegari na miƙi hanyar Gafasa kamar kullum.

Abin da na koya shi ne, in za ka rame da gangan a danginmu, to ka sanar tun kana da ƙibarka. Yanzu duk Juma'a nakan kira Gwaggo in gaya mata abin da likita ya ce. Takan saurara tsaf, ta sa mini albarka, sannan ta rage murya ta ce, "To, mutanen naki fa, sun lafa?"