Mun Biya Ku Tun Kafin Ku Shirya

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Sashen Bashin Gidaje, shugaban masu hatimi, mai kujerar da ke juyawa, wanda na shekara goma sha uku ina jin labarinsa ban taɓa ganin ko ƙeyarsa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina roƙon ka yi haƙuri in ka ga layin rubutuna yana hawa yana sauka. Dariya ce. Tun ranar Talata take kama ni ba shiri, ko da ina tsakiyar yanka yadin mutane.

Ni tela ce, maigidana kuma direban motar makaranta. Mu ne muka karɓi bashin gida a wajenku, ɗaki uku da falo da ɗan tsakar gida daidai shanya. Kuka yanka mana shekara ashirin da biyar. Ranar da muka sa hannu yana da shekara arba'in da shida, ka ga ke nan sai ya kai saba'in da ɗaya zai gama da ku, alhali a sittin za a karɓe makullin mota daga hannunsa. Da me zai biya sauran sha ɗayan? Ba mu sani ba, ku ma don kawaici ba ku tambaya ba. To, mun biya ku kaf cikin shekara sha uku da wata huɗu. Na ga alamar abin bai yi muku daɗi ba, shi ya sa na ga ya dace in kawo ƙorafina cikin ladabi.

Na ɗaya, rubutun shafi na goma sha tara. Mun shekara uku muna biya ba fashi, rannan babbar 'yarmu, lokacin tana sakandare, ta ɗauki takardar da kuke aiko mana ta yi ta dubawa. Can ta ce, "Mama, kin san uwar kuɗin ko motsi ba ta yi ba? Kusan duk abin da kuke kaiwa kuɗin ruwa ne." Na ce ta rufa mini baki. Ta ɗauko biro ta nuna mini, sai da na nemi wuri na zauna. Ita ce ta bi yarjejeniyar shafi-shafi har ta gano ashe an yarda mutum ya riƙa yin ƙari a kan kuɗin wata, ƙarin ya tafi kai tsaye kan uwar kuɗi. Ranka ya daɗe, ni da nake zura zare a allura ba tabarau, sai da na aro gilashin mai gyaran agogo na kusa da shagona kafin in karanta layin nan. Amma layin da ya yi maganar tara in an makara, daga bakin ƙofa ake hango shi. Tawada ce ta ƙare muku a daidai wurin? Da kun faɗa, ai da mun kawo gudummawa.

Na biyu, ma'aikacinku na kanta ta uku, mai jan taye, wanda a gidanmu muke kira Sai-Gobe. Ran da na fara kai ƙari, kuɗin ɗinkin riga huɗu ne, ya dube ni da tausayi kamar wadda ta zo da mugun labari daga asibiti. Ya ce, "Haba Hajiya, me ya yi zafi? Wa ya matsa miki? Ki ci daɗin kuɗinki mana, mu ai ba gudu za mu yi ba." Wallahi ban taɓa ganin mai bin bashi mai kirki irin wannan ba. A shagona in mai ɗinki ya kawo kuɗi da wuri har kujera nake ba shi. Ina roƙon a ƙara wa bawan Allahn nan girma, don ya yi iya yinsa ya hana ni, ni ce dai ba na jin magana.

Na uku, wata takwas cur ƙarin da nake kaiwa kuna zuba shi a wani wuri da kuka kira asusun jira. Me yake jira? Wa zai zo? Da 'yata ta gano, aka ce kwamfuta ce. Na dawo da gwangwanin biskit cike da rasit, na jera su a kan kanta bi da bi, ina karanta kwanan wata da ƙarfi don kada kwamfutar ta ce ba ta ji ba. Cikin ikon Allah a ranar ta warke.

Na huɗu, abin da kuka mayar da gidana. A bayan ƙofar kicin muka liƙa wani babban kwali, na zana gida-gida ɗari uku da allin ɗinki, kowane gida wata guda. In an biya na wata mu soke ɗaya daga sama. In ƙari ya taru ya kai, mu soke daga ƙasa. Daga ranar maigidana ya zama mai gadin ƙwan lantarki. Kana fita daga ɗaki ɗauko cokali, kafin ka juyo ya kashe. Kujerar falonmu ta shekara tara da wani ƙarfe da ya leƙo, duk baƙon da muke so mukan ce ya matsa hagu. Ni kuma na karɓi ɗinkin kayan makaranta har na fara ganin aljihu da maɓalli in na rufe ido.

Ba duka ne abin dariya ba, kuma tunda wasiƙar gaskiya ce bari in faɗa. Autarmu ta roƙi keke shekara biyu, ran da muka saya ƙafarta ta riga ta fi ƙarfinsa. Har yau in na tuna sai in ji wani iri. A shekara ta tara kuma bayan maigidana ya riƙe, ya yi wata huɗu a kwance, albashi rabi. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce na mayar da gidan kurkuku don in mallaki kurkukun da wuri. Na ce in ya ga dama ya tashi ya je ya yi tuƙi yana ɗan saba'in. Muka kwana biyu ba magana. A rana ta uku na shigo kicin na same shi dafe da bango, yana ƙirga gidajen da suka rage da yatsa. Ya ce, "Saura hamsin da biyu. Bari in warke." A watan ne muka makara da kwana biyu, karo na farko kuma na ƙarshe. Mu da muka riga muka rage shekaru daga ƙarshen bashin, sai ga wasiƙarku da jan rubutu kuna tuna mana cewa gidan naku ne. Mun gode da tunin. Da kalandar da kuka haɗo da ita ma mun gode, hotunan gidajen cikinta sun yi kyau.

Na biyar, ranar biyan ƙarshe. Sukar sama da ta ƙasa suka haɗu a kwali, na ɗauki kuɗi na tafi har da sabon mayafi. Na zaci za a ɗan tafa mini. Sai aka ce akwai kuɗin rufe asusu, da kuɗin neman fayil, da wani abu wai shi kuɗin ribar da kamfani ya rasa. Ranka ya daɗe, ina neman ilimi ne: in mutum ya fasa kawo mini ɗinkin da zai kawo shekara goma masu zuwa, zan iya aika masa da lissafi tun yanzu? In ana haka, ina da sunaye da yawa. Biyun farko na biya. Na ukun 'yata, wadda yanzu akawu ce, ta rubuta muku layi huɗu, sai ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

Na shida, takardar gidan. Sau biyar ina zuwa. Mai makullin ma'ajiya ya fita. Mai makullin ya dawo, mai sa hannu yana taro. Taron ya tashi, hatimi yana wajen wanda ya tafi hutu. A zuwa na shida, ranar Talatar nan, na zo da jakar aikin hannu, na zauna a kujerun jira ina kalmasa bakin siket. Wata mata kusa da ni ta tambayi me ya kawo ni. Na gaya mata. Ta ce ana yin haka dama? Na ce ta buɗe shafi na sha tara. Wani malamin makaranta ya matso da kujerarsa. Wasu mata da miji da suka zo sa hannu a ranar suka ajiye biro. Kafin awa guda mutum goma sha ɗaya ne zagaye da ni, ina yi musu zanen kwalinmu a bayan ambulan. Sai ga Sai-Gobe da gudu, taye a kafaɗa, yana cewa, "Hajiya, an ga takardarki, taso, taso don Allah!" Mai hutu ya dawo, taro ya watse, hatimi ya sauka, duk cikin minti goma. Ƙorafina a nan shi ne kun katse mini darasi, ban kai ga bayanin asusun jira ba. Amma kada ka damu, sun karɓi lambar wayata.

Na bakwai, ba ku gargaɗe mu abin da zai biyo baya ba. Da na shiga gida da takardar, maigidana ya karanta ta a tsaye sau uku. Daga nan ya bi ɗaki-ɗaki ya kunna kowane ƙwai, da rana tsaka, ya dawo ya zauna yana kallonsu. Ya ɗauko guduma ya buga ƙusa a bangon falo. Na ce me za ka rataya? Ya ce babu, bangonsa ne. Auta, wadda yanzu ta fi ni tsawo, ta hau kujerar nan ta yi tsalle har ƙarfen ya ƙarasa fita. Ni kuma na je wajen mai nama na ce ya auna kilo biyu ban tambayi farashi ba, mutumin ya ce, "Lafiya dai ko?" Jiya ƙarshen wata, da safe na shirya tsaf na ɗauki jaka zan zo wajenku, sai a bakin ƙofa na tuna. Na tsaya ina dariya ni kaɗai har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

Na ƙarshe. Yau da hantsi saƙonku ya shigo wayata, wai saboda ni abokiyar hulɗa ce ta gari, kun amince ku ba ni sabon bashi in ɗora bene, shekara ashirin kacal. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Mun zauna mun duba, mun ga sama ta yi mana kyau yadda take, ba komai tsakaninmu da ita.

Amma ba mu yanke hulɗa ba. Duk ran da hanya ta biyo da kai, ka tsaya ka sha shayi, kofin baƙi za a ɗauko maka. Abu ɗaya kawai nake roƙo, ranka ya daɗe. In ka iso, ka tsaya a waje ka yi sallama, ka jira a amsa. Gidan yana da masu shi.

Ka huta lafiya cikin girma da ɗaukaka.

Taka mai biyayya, wadda ba ka bin ta ko sisi,
Tela mai shago kusa da mai gyaran agogo.