Awa Ɗayar da Ta Kusa Kashe Aure Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi a Sabon Gari, ranar da na tara shaidu da hannuna don su zo su kalli wautata. Bari in lissafa su, don yawancinsu suna raye, kada a ce na rage wani. Akwai Hadiza, matar ɗana Sani. Akwai kawunta Malam Lawal, manomi a Shika, ni na aika aka kira shi. Akwai Oga Chinedu mai shagon waya. Akwai Malam Bulus, malamin makaranta daga Jushi, wanda ban taɓa sa shi a ido ba sai ranar. Akwai Talatu mai gyaɗa, ƙawata tun muna 'yammata, tana tsaye bakin ƙofa da faranti a ka. Sai ni, uwar gayya. Sai kuma wata baiwar Allah da ba ta cikin shagon, ba ta ma cikin ƙasar, amma ita ta fara ɗanɗana abin da na dafa.

(Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Hadizar ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana ƙunshe dariya. Rubuta, ai ranarki ce.)

Sani ɗana na biyu ne, shi ya sa kuka ji na kama sunansa. Yana koyarwa a jami'a nan Samaru, sai aka tura shi Ingila ƙarin karatu, da damina. Da zai tafi ya ce, "Inna, ga Hadiza nan, amana." Ni kuwa in aka ba ni amana, har tarinta sai na san dalilinsa. Lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba, sai a hannun manya. Don haka aka tsara duk Lahadi wajen ƙarfe uku zai bugo shagon Oga Chinedu, ita kuma ta hau bas ta je ta amsa. Ni ba na zuwa. Ga ciwon gwiwa, ga shi ban yarda da abin da ke magana ba shi da fuska ba.

Akwai agogon marigayi maigidana rataye a bangon rumfa, amma ni agogona inuwar katanga ce. Hadiza na fita inuwa tana bakin rijiya, tana dawowa kafin ta taɓa turmi. Haka muka cinye damina, ban taɓa samunta da kuskuren ko taku ɗaya ba.

Da kaka ta shigo, wata Lahadi inuwa ta wuce turmi, ta wuce murhu, ta fara hawa bangon maƙwabta, sannan na ji sallamarta.

Na ce, "Daga ina?"

Ta durƙusa ta ce, "Daga waya, Inna. Yau sai da na jira awa guda. Ya ce an canza musu lokaci ne, an mayar da agogo baya."

"Agogon nasa ya lalace?"

"A'a, na ƙasar gaba ɗaya. Duk shekara suke yi. In sanyi ya zo a ja baya da awa ɗaya, in zafi ya dawo a tura gaba."

"Ita ranar fa? Ita ma sun ja ta?"

"Ba sa taɓa rana, Inna. Agogo kawai. Yana ɗan aiki a wani kanti ranar Lahadi, sai uku yake tashi, ukunsu kuma yanzu huɗunmu ce. Daga yau sai yamma zan riƙa dawowa."

Na ce, "To."

Wanda ya san ni ya san wannan "to" ɗin. 'Ya'ya shida na raina, babu irin ƙaryar da ban ji ba, har wanda ya rantse mini akuya ce ta buɗe tukunya ta zaɓi tsoka ta mayar da murfi. Amma ban taɓa jin ƙarya marar kunya irin wannan ba. Turawan da suka ƙera jirgin sama ne za su tashi ƙasa guda su ruɗi kansu da agogo? Su kalli huɗu su ce uku ce?

Duk da haka ban yanke hukunci ba sai da na yi bincike, don ni mace ce mai adalci. Na tare ladanin unguwarmu na ce, "Malam, akwai mahalukin da zai iya mayar da la'asar ta koma azahar?" Ya ce, "Subhanallahi, Hajiya, sai Allah." Na dawo gida da fatawata. (Ban ambata masa agogo ba. Mai son a ce yana da gaskiya ya san yadda yake jera tambayarsa.)

Sannan na aika wa Talatu, don a tsallaken shagon take kasa gyaɗarta. Ranar Litinin ta mako na gaba ta zo har gida, ta rage murya.

"Akwai wani mutum," in ji ta. "Bulus ake ce masa, mai ɗaura igiya a wuya. Tun damina duk Lahadi yana zuwa daidai zuwanta. Ranar da ta makara ɗin nan, awa guda suka yi a benci ɗaya. Jiya ta koma zuwa da la'asar, shi ma ya koma zuwa da la'asar."

Ku gaya mini tsakani da Allah, wa zai ji wannan bai tsargu ba? Ta canza lokaci, ya canza lokaci. Ashe Turawan nata a Jushi suke.

Na aika Shika na ce Malam Lawal ya zo ranar Lahadi, akwai abin da zan nuna masa da ido, don kada gobe a ce uwar miji ce ta ƙirƙira. Hadiza na fita muka bi bayanta a bas na gaba, gwiwar da ta hana ni zuwa wata huɗu ranar ko motsi ba ta yi ba. Muka laɓe bayan rumfar mai lemo, ni da dattijo mai furfura, kamar masu dakon ɓarawon kaji. Ga Hadiza a kan benci. Can sai ga mutumin, da igiyarsa a wuya. Ya gaishe ta, ya zauna can ƙarshen bencin, ya duba agogon hannunsa, ya faɗi wata magana, ta yi murmushi.

Murmushin nan shi ya tsallakar da ni titi.

Na faɗa shagon ba sallama. Na ce, "Alhamdulillahi! Malam Lawal, shigo ka ga agogon Ingila da idonka!" Hadiza ta miƙe zumbur. Oga Chinedu ya ce, "Mama, lafiya? Wetin happen?" Kafin in ba shi amsa wayar da ke kan tebur ta ɗauki ƙara. Na ce a raina, Allah Ya kawo mai kaya. Na riga kowa, na fizge ta, na ɗaga murya yadda za a ji ni a Ingila ko babu waya.

"Sani! Uwarka ce! Ga matarka na kama ta a shagon nan da wani ƙato, Bulus ake ce masa! Duk Lahadi a nan suke haɗuwa, tun damina!"

Sai na ji muryar mace, da Hausa tsaf kamar a Samaru take.

"Wane Bulus? Bulus nawa?"

Oga Chinedu ya ɗora hannu biyu a ka. "Mama! Ba Sani ba ne! Madam Rifkatu ce, matarsa! Nas ce, a asibiti take aiki a Ingila. Nata kiran ne farko, na Sani sai bayan minti goma sha biyar!"

Jama'a, akwai kunyar da ke sa mutum zufa, akwai wadda ke sa shi jin sanyi har ƙashi. Ta biyun na ji. Matar nan ta fashe da kuka a kunnena, tana cewa tana can tana kwana a tsaye cikin sanyi saboda karatun yara, ashe shi yana nan yana sheƙe ayarsa. Malam Bulus ya karɓi wayar. "Rifkatu, Allah Ya sani, ban san tsohuwar nan ba! Yau na fara ganinta!" Ta ce ba ta son jin muryarsa, a ba ta tsohuwar. Aka miƙo mini kamar ana miƙo garwashi.

Oga Chinedu ya nuna mini bango. Agogo biyu ne rataye, da na shigo na gan su, hannayensu ba su zo ɗaya ba, na ce a raina ɗaya ya mutu. Ya ce, "Wannan na Zariya, wannan na Ingila. Da damina ɗaya suke. Ni da kaina na ja wancan baya."

Na sa baki a wayar, murya ta koma ta ɗan tsako. "'Yata, don girman Allah, ƙarfe nawa a wurinku yanzu?"

"Uku da minti biyar."

"Da gaske an ja muku agogo?"

"Mama, ni za a gaya wa? Ina bakin aiki ranar da aka ja shi, ƙarfe ɗaya sau biyu muka yi ta. Awa guda aka ƙara mana da ƙafa a kumbure. Mutum ya yi wata guda barcinsa bai daidaita ba, ga duhu tun ƙarfe huɗu da rabi. Ni dai ban ga amfaninsa ba. Amma ki bar zancen agogo, me kika gani?"

Na ce na ga murmushi.

"Sai me?"

Na ce shi ke nan.

Sai da na rantse mata da kabarin mijina cewa ni tsohuwar banza ce mai neman fitina, sannan ta yarda a mayar wa mijinta wayar. Kiran da suke jira mako guda, rabinsa a kan wautata ya ƙare.

Abin da ya ɗan rufa mini asiri shi ne maza ba sa ganin gardama su wuce. Oga Chinedu ya ce shi kam dabarar ta burge shi, don da zafi mutane na tashi aiki da sauran rana, su shiga kasuwa, ga ba a kunna fitila da wuri. Malam Lawal ya ce wannan shirmen mutanen ofis ne. "Saniya ta san gwamnati? Je ka tatse ta kafin lokacinta ka ce mata doka ce, ka ga inda za ta sa maka ƙafa." Malam Bulus ya ajiye waya yana share gumi, ya ce a da yana ganin hikima ce, don in ba a ja baya da sanyi ba yara cikin duhu za su tafi makaranta. "Amma daga yau," in ji shi, yana kallona, "na tsani abin." Oga ya ce to ai laifin ba na agogo ba ne. Nan na sunkuyar da kai. Ina ta addu'a su yi ta musu har magariba kada a juyo kaina. Na waiga neman Talatu, ko ɓawon gyaɗarta ban gani ba.

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon ko kusa ban je ba. Hadiza ta ɗauka, hawaye na bin kumatunta, ni kuma na tsaya jiran yanka. Sai na ji ta ce, "Lafiya lau. Mura ce kawai. Inna ma lafiya, ga ta nan, yau ita ta rako ni."

Da marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Yaron nan ya yi ta murna a kunnena, wai Inna ta hau bas saboda shi.

A bakin shagon Malam Lawal ya gyara hula, bai ɗaga murya ba. "Hajiya, na ga abin da kika kira ni in gani. Gobe ƙarfe takwas zan zo in ɗauki 'yata. Ta zauna a Shika har mijinta ya dawo, shi ya zo ya ji dalili." Muka dawo Samaru a bas ɗaya.

Abin da na koya kuwa, ga shi kyauta: in aka kawo maka zancen da ya yi kama da hauka ƙwarai, ka dakata, wataƙila gaskiya ce. Maƙaryaci ya fi haka dabara. Da Hadiza ƙarya za ta yi, ai cewa za ta yi bas ya lalace a hanya, kuma da na yarda.

Washegari da na idar da asuba na ga akwatinta a ƙofar ɗaki, a ɗaure. Na dama kunun gyaɗa da kaina, abin da rabona da yi tun zuwanta gidan. Amma bakin da ya shekara sittin yana ba da umarni bai iya ban haƙuri da sauri ba, kuma takwas na matsowa. Ina bukatar lokaci. Sai na dubi agogon marigayi. Na jawo turmi, na hau da gwiwar nan tawa, na buɗe gilashin, na sa yatsa na murɗa hannun baya yadda na ga dama. Na ce in Turawa sun yi ba a kama su ba, ni ma Allah Ya ga niyyata.

Ina kan turmin ta fito da mayafinta, ido a kumbure. Ta dube ni, ta dubi agogon, ta sake dubana.

"Inna, wa ya mayar da mu ƙarfe biyu da rabi?"

Na ce, "Gwamnati."

Ta cije leɓe, ta juya baya, kafaɗunta suka fara rawa. Ta ce, "Ko su Turawan awa ɗaya suke taɓawa." Sannan ta zo ta kama hannuna ta sauko da ni, ni kuma da ƙafata ta taɓa ƙasa ban tsaya ba, na zarce har gwiwa, na faɗi abin da ya kamata in faɗa. Da Malam Lawal ya yi sallama ya tarar da mu a tabarma ɗaya muna shan kunu, ni kuma ina zaune daram a kan akwatin, don ko an yafe mini, ban ga dalilin sakaci ba.